Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Jigawa: Gonakin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura Suna Buƙatar Taswirar Ambaliya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



Ambaliyar da ke cin gonaki a Jihar Jigawa iri biyu ce. Ta farko ita ce ta kwarin Kogin Haɗeja, wadda kowa ya sani. Ruwan Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa, ya gangaro ta Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja har Kirikasamma da Guri. Yana cika a hankali, ya tsallake gaɓa, ya kwanta a kan gonaki makonni. Ta biyu ita ce ta arewa maso yammacin jihar, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura. Wannan ba ta da babban kogin da za a ɗora wa alhaki, kuma ba ta daɗewa. Takan zo bayan ruwan sama mai ƙarfi na sa'o'i biyu ko uku, ta wuce kafin azahar ɗin washegari, ta bar yashi a kan gero ko kwazazzabo a tsakiyar gona. A kan ta biyun aka rubuta wannan wasiƙa, kuma buƙatarta ɗaya ce: a zana taswirar haɗarin ambaliya ta wannan yanki, mai nuna gona da gona, sannan a riƙa aiki da ita.

Ba abin mamaki ba ne hankalin gwamnati ya fi karkata ga kwarin Haɗeja. Can ne asarar ta fi yawa, can ne garuruwa ke tashi gaba ɗaya. Mai Girma Gwamna ɗan Kafin Hausa ne, kuma yana kan kujerar mataimakin gwamna a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuwa tana sahun gaba a cikin jihohin da abin ya fi shafa. Yashe kogi, cire kacalla da ɗaga jinga ayyuka ne da suka dace da wancan yanki, kuma sun cancanci yabo. Sai dai injin yashe kogi ba shi da aikin yi a gindin duwatsun Roni. Maganin kowace ambaliya yana bin yanayin ƙasar da take aukuwa a kanta, don haka dole a fara da sanin ƙasar.

Kazaure da Roni da Gwiwa suna zaune a kan tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ga jerin tsaunukan Kazaure da farin tsakuwarsu. A irin wannan wuri ƙasar noma ba ta da kauri, gangara tana da kaifi, kuma ruwa ba ya samun zurfin da zai nutse. Yayin da aka nufi gabas, wajen Babura, sai dutsen ya ɓace a ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen rairayi na kwarin Tafkin Chadi. Nan ƙasa ta baje, tudu da kwari ba su da bambanci mai yawa a ido, kuma rafukan da suka taso daga yamma da kudu sukan rasa gaɓa, su bazu a fadamu da tafkuna, su nutse. Kogin Gari da na Tomas, waɗanda suka taso daga Jihar Kano suka nufi arewa maso gabas, haka suke ƙarewa. Ke nan a cikin tafiyar da ba ta kai sa'a biyu a mota ba akwai ƙasa mai korar ruwa da gudu, akwai kuma mai tara shi.

Ruwan da ke sauka a yankin a shekara ta tsaka-tsaki bai da yawa, yana tsakanin milimita 600 zuwa 800, amma kusan dukkansa yana zuwa ne cikin watanni huɗu, kuma mafi nauyinsa a lokacin marka, cikin Agusta. Abin da ke kawo ɓarna shi ne yawan da ya sauka a lokaci guda. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Hadari ɗaya da ya zubar da milimita 60 ya sauke lita 600,000 a kan kowace hekta. Idan ƙasar tana da ciyawa da bishiyoyi da taki, za ta sha kaso mai yawa. Idan fako ce da ta daskare, ko gangaren dutse da aka sare itatuwansa, ruwan zai zubo kamar daga rufin kwano, ya taru a kwari ɗaya cikin mintoci. Masana ruwa a Nijar da Burkina Faso sun daɗe da gano cewa bayan farin 1973 da na 1984 ruwan da ke gudu a rafuka ya ƙaru duk da ruwan sama ya ragu, saboda ƙasa ta tsiraita. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 kuma ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ƙasa ta rage sha, sama ta ƙara zubowa.

Ta hanyoyi huɗu wannan ruwa ke isa gona. Na ɗaya, gudun ruwa kai tsaye daga tsaunuka, wanda ke yanka kunyoyi, ya tone sawun shanu ko hanyar amalanke ya mai da ita kwazazzabo. Na biyu, ƙoramun da yashi ya cike cikinsu, har ya zama ruwa kaɗan ma ya isa ya fitar da su daga gaɓa, wani lokaci su sauya hanya su bi ta tsakiyar gonar wani. Na uku, madatsun ruwa. Akwai dam ɗin Muhammadu Ayuba a Kazaure, akwai na Gari a yankin Kunci ta Jihar Kano, wanda ke ba aikin ban ruwa na Gari da ya shigo Kazaure da Roni, akwai kuma na Tomas a wajen Ɗambatta. Dam yana rage ambaliya muddin da sauran wuri a cikinsa. Idan laka ta cike shi shekara da shekaru, ko marka ta same shi a cike, duk abin da ya shigo zai wuce ƙasa. Fashewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 da na Alau da ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024 sun isa ishara. Na huɗu, ruwan kwance: inda ƙasa ta baje, titin da aka ɗaga ba tare da isassun kwalbatoci ba yakan zama jinga, ya tare ruwa a gefe ɗaya, gonakin wannan gefen su zama tafki har kaka.

Mai Girma Gwamna, ɓarnar ambaliya a gona ba ta tsaya ga faɗin wurin da ruwa ya rufe ba. Ta dogara da zurfin ruwan, da gudunsa, da kwanakin da ya yi, da irin shukar, da matakin da shukar take kai. Gero da riɗi da wake ba sa jure ruwa a gindinsu. Kwanaki kaɗan sun isa ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe. Gyaɗa da ta fara ƙwaya takan lalace a cikin ƙasa ba tare da an gani ba sai ranar cira. Dawa ta fi su dauriya. Shinkafa tana son ruwa, amma idan ya shanye kanta gaba ɗaya har mako guda, yawancin irin da manoma ke shukawa sun tafi. Ruwan da ya zo a farkon Yuli yana barin damar sake shuka. Wanda ya zo a ƙarshen Agusta, gero ya fid da kai, an gama zuba taki, an biya 'yan ƙwadago noman farko da maimai, shi ne ke cinye shekara ɗungurungum.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga rahoton kowa. Manomi zai shiga gonarsa da safe ya tarar shuka tana tsaye, amma takin da ya watsa shekaranjiya ya bi ruwa, kuma baƙar ƙasar saman, wadda aka shekara ana kai mata takin gida a kan jaki, ta koma kwarin wani. A fadama kuwa akasin haka ake gani: farin yashi mai kaurin taƙi guda ya kwanta a kan laka, wurin da ake samun albasa da tumatir da rani ya zama sai an yi shekaru ana kwasa. Bayan haka sai bashin taki da na iri, sai sayar da akuya ko sa, sai tafiya ci-rani tun kafin lokaci. Inda ruwa ya rufe burtali ko mashaya, makiyayi yakan ratsa ta tudu inda amfani yake tsaye, rigima ta tashi a kan abin da asalinsa ruwa ne.

Duk da haka ba kowace ambaliya ce musiba ba. Ruwan da ke kwanciya a fadama shi ne ke cika rijiyoyin noman rani, ya kawo sabuwar laka, ya rayar da ciyawar dabbobi da kifi. Taswirar da ta dace tana bambance inda ruwa ke ɓarna da inda yake alheri, domin kada a kashe kuɗi a tare ruwan da fadama ke rayuwa a kansa.

Bayanan da ake da su a yanzu ba su kai ga wannan matsayi ba. Hukumar kula da harkokin ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, hukumar yanayi ta NiMet kuma tana fitar da hasashen damina: yaushe za ta faɗi, yaushe za ta ɗauke, nawa za ta zubar. Duka biyun suna da amfani, amma an gina su ne don ƙasa baki ɗaya. Idan aka ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari, dagaci bai san ko gonakin gabas da gari ake nufi ko na yamma ba, malamin gona bai san wa zai ba wane iri ba, injiniya bai san inda zai faɗaɗa kwalbati ba. Ƙari a kan haka, awon ruwa na ƙasa ya fi mai da hankali ga manyan koguna, alhali ƙoramun da ke ɓarna a wannan yanki busassu ne wata takwas a shekara.

Taswirar haɗarin ambaliya tana haɗa amsar tambayoyi uku a kan takarda ɗaya. Ta farko: ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, zurfinsa nawa, kwana nawa, kuma sau nawa? Ana bayyana "sau nawa" da yiwuwar aukuwa. Ambaliyar da ake kira ta shekara 5 tana da yiwuwar kashi 20 cikin 100 a kowace damina, ta shekara 10 kashi 10, ta shekara 100 kashi 1. Wannan ba ya nufin idan ta zo bana an huta sai bayan shekarun. Tana iya maimaituwa baɗi. Ga gada da dam, babbar ambaliya mai wuyar zuwa ake lissafawa. Ga manomi, ta shekara 2 da 5 da 10 ce ke yanke masa abin da zai shuka. Tambaya ta biyu: mene ne a wurin? Gonar gero ce, ko lambu, ko rumbuna, ko burtali, ko rijiyar burtsatse? Ta uku: wane ne mai shi, kuma yaya ƙarfinsa na farfaɗowa? Mai gona uku a wurare dabam-dabam da bazawarar da gonarta ɗaya ce tak a bakin rafi ba haɗarinsu ɗaya ba, ko da ruwa ɗaya ne ya ci su.

Aikin zana ta yana tsaye a kan ƙafafu huɗu. Ta farko ita ce awon tudu da kwari. Akwai bayanan tsayin ƙasa na duniya da ake samu kyauta, kamar wanda Amurka ta auna daga sararin samaniya a shekarar 2000, inda kowane ɗigo ke wakiltar kimanin mita 30. Wannan ya isa a fitar da iyakar kowane kwari a Roni da Gwiwa, a san yawan ƙasar da ke zuba ruwanta a kowace ƙorama. Bai isa ba a shimfiɗar Babura, domin kuskurensa a tsaye yakan kai mitoci, alhali rabin mita ne ke raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse. A irin waɗannan wurare sai an yi awo na kusa, da jirgi marar matuƙi ko na'urar safiyo, a zaɓaɓɓun fadamu da ƙasan madatsun ruwa, ba a faɗin jihar duka ba.

Ƙafa ta biyu hotunan tauraron ɗan'adam ne. Landsat yana ɗaukar hoton duniya tun 1972, don haka za a iya bin tarihin kowace fadama, a ga yadda kwazazzabo ya tsawaita da yadda bishiyoyi suka ragu. Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana gani har faɗin mita 10, wanda ya isa a bambance gona da fako. Sentinel-1, da aka fara harbawa a 2014, yana aiki da rada, yana gani cikin gajimare da dare, kuma wannan ne ake buƙata a lokacin marka. Dukkansu kyauta ne. Amma suna da iyaka guda biyu da suka shafi wannan yanki kai tsaye. Tauraron yana dawowa wuri ɗaya ne bayan kwanaki, don haka ambaliyar da ta zo ta wuce cikin sa'o'i ba zai gan ta ba, sai dai sawunta. Sannan a hoton rada busasshen rairayi mai santsi yakan fito baƙi tamkar ruwa. Wanda ya zauna a ofis a Dutse ko Abuja ya dogara da hoto kaɗai zai iya zana tafki a kan jigawa.

Ƙafa ta uku awon ruwa ne a ƙasa. Ma'aunin ruwan sama abu ne mai araha da malamin firamare zai iya karantawa kowace safiya ya aika ta waya. Sandar awo da aka kafa a jikin gada, da fenti da lambobi, tana nuna tsayin da ƙorama ta kai. Haka nan kowane dam yana buƙatar a san yawan lakar da ta taru a cikinsa da lafiyar mafitar ruwansa. Idan babu waɗannan alƙaluma, duk lissafin da kwamfuta za ta yi na inda ruwa zai bi zato ne kawai. Damina biyu ko uku na awo mai kyau za su gyara taswirar fiye da kowace tsadaddiyar na'ura.

Ƙafa ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce sanin mutanen wurin. A kowane ƙauye akwai dattijon da zai nuna layin laka a jikin bangon masallaci ya ce nan ruwa ya tsaya a shekara kaza, ya nuna reshen gawon da tarkace ya maƙale a kai, ya bi tsohuwar hanyar rafi da yanzu ake nomawa. Sarkin noma ya san gonar da ba ta taɓa yin gero shekara uku a jere ba. Ardo ya san mashayar da ke cika da wuri. Mata masu zuwa itace da ɗiban ruwa sun san mararrabar da ke yankewa. Hanyar aikin sananniya ce: a buga babban hoton ƙauyen daga sama, a shimfiɗa shi a ƙofar gidan dagaci, jama'a su zana da hannunsu, sannan matasa su bi da waya su ɗauki lambar kowane wuri. Abin da tauraro ya kasa gani, mutane sun gani. Abin da mutane suka manta, hoton shekarun baya ya adana.

Mai Girma Gwamna, masu yin wannan aiki suna nan a gida. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon fasahar sadarwa ta jiha. A Babura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Cibiyar Nazarin Noma a Busasshiyar Ƙasa ta Jami'ar Bayero a Kano. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana da injiniyoyin ruwa, hukumar sararin samaniya ta NASRDA tana da masu fassara hotuna, hukumar JARDA tana da malaman gona, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha tana da bayanan ɓarnar shekarun baya. Masarautar Kazaure, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Najib Hussaini Adamu, da Masarautar Ringim da Babura ke cikinta, suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka kai kowane lungu. Manhajar zana taswira irin QGIS ba a biyan ko kwabo a kanta. Abin da ya rage shi ne umarni daga sama, da ofishi guda da zai ɗauki alhaki, domin aikin da aka raba wa ma'aikatu biyar ba tare da jagora ba, ba na kowa ba ne.

Darajar taswira tana cikin shawarar da ta sauya. A harkar iri, gonakin da ruwa ke shanyewa a kai a kai su ne suka fi cancantar shinkafar FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka saki a Najeriya a 2017 kuma suke jure nutsewa har kusan mako biyu. Gefen fadama da ke jiƙewa ya fi dacewa da dawa ko shinkafa a kan riɗi, tudu kuma da gero mai saurin nuna irin SOSAT. A harkar ayyuka, taswira za ta nuna kwalbatin da ya yi ƙanƙanta da bakin kwazazzabon da ya kamata a fara tarewa. Mafi yawan maganin yana can sama, inda ruwan ke tasowa: jeren duwatsu a kan gangara, ramukan rabin wata a fako, ƙananan shingayen dutse a cikin ƙorama, da barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gona. Maƙwabta a Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya ta renon tohon itace, ba da dashen gwamnati ba. Dutsen da za a jera kuwa yana nan zube a Roni da Gwiwa da Kazaure.

A harkar gargaɗi, idan an san ƙauyukan da ke ƙasan kowane dam da sa'o'in da ruwa ke ɗauka kafin ya isa gare su, sanarwa ta Rediyo Jigawa da waya da lasifikar masallaci za ta ba mutane damar kwashe dammuna daga gona, su janye injin ban ruwa, su kora dabbobi tudu. A harkar agaji, taswira mai sunayen gonaki tana rufe ƙofar son kai, domin za a iya gwada jerin waɗanda aka rubuta da inda ruwa ya bi da gaske. Inshorar noma ta hukumar NAIC da bashin banki su ma ba sa tafiya sai da sanin haɗarin kowace gona. A harkar filaye, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, don haka yana da hurumin hana yanka filayen gini, ko gina makaranta da rumbun gwamnati, a kan hanyar ruwa.

Akwai abubuwa huɗu da za a kiyaye. Na farko, kada taswira ta zama makamin ƙwace gonar talaka. Sanya wa gona jan launi yana nufin mai ita ya fi kowa buƙatar tallafi, ba wai a tashe shi a ba wani mai ƙarfi ba. Inda tashi ya zama dole, sai da musaya da diyya. Na biyu, ruwa bai san iyakar jiha ba. Kwarin Gari da na Tomas sun faro daga Kano, Gwiwa da Babura kuma suna maƙwabtaka da Katsina, don haka a zana bisa iyakar kwari, a kuma ƙulla yarjejeniyar musayar bayani da waɗannan jihohi, musamman kan cikar madatsun ruwa. Na uku, taswira tana tsufa. Sabon titi ɗaya ko kwazazzabo ɗaya yana sauya hanyar ruwa. Dokar ambaliya ta Tarayyar Turai ta 2007 ta wajabta sabunta irin waɗannan taswirori duk shekara shida. A ƙasar da yashi ke tafiya kowace damina bai kamata a wuce haka ba. Na huɗu, harshe. Taswirar da aka rubuta da Turanci aka ajiye a kwamfutar ma'aikata ba ta tsirar da dami ko ɗaya. A buga ta da Hausa, boko da ajami, da launuka uku masu sauƙin ganewa, a manna a fadar hakimi da gidan dagaci da makaranta da kasuwa.

Batun kuɗi ba zai zama cikas ba. Jiha da ƙananan hukumomi suna da kasonsu a asusun kula da muhalli na tarayya, wanda aka kafa tun 1981 domin irin waɗannan matsaloli. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an gina shi ne a kan tsara aiki kwari-kwari, kuma taswira ce matakinsa na farko. Yarjejeniyar Sendai ta 2015 kan rage haɗarin bala'o'i, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa fahimtar haɗari a gaban komai. Hotunan kyauta ne, manhajar kyauta ce, masanan suna karɓar albashi tun da ma. Abin da za a kashe shi ne na zirga-zirga, da ma'aunai, da awon kusa, da bugawa, kuma ba zai kai abin da ake kashewa a rabon buhunan hatsi da tabarmi bayan kowace ɓarna ba. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma Gwamna abubuwa biyar. Ya ba da umarnin zana taswirar haɗarin ambaliya ta gonakin Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura, a fara da kwarin Gari da ƙasan dam ɗin Muhammadu Ayuba. Ya ɗora alhakin a kan ofishi ɗaya, da wa'adi da kasafi a rubuce, manyan makarantun Kazaure da Babura su zama cibiyar aikin. Ya sa a kafa ma'aunin ruwan sama a kowace mazaɓa da sandar awo a manyan gadoji kafin faɗuwar damina mai zuwa. Ya nemi a duba lafiyar madatsun ruwan da ke shafar yankin tare da haɗin gwiwar Jihar Kano da Hukumar Haɗeja da Jama'are, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Sannan ya wajabta cewa rabon iri, aikin titi, yanka filaye da rabon agaji a waɗannan ƙananan hukumomi su bi abin da taswirar ta nuna.

Aikin fili ana yin sa ne da rani, lokacin da ƙoramu suka bushe, manoma suka sami sarari, kuma alamun ruwan bara ba su goge daga bango da bishiyoyi ba. Idan ranin bana ya wuce ba a fara ba, an ƙara wa manoman wannan yanki wata damina ta shuka a cikin duhu. Talakawan Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura suna sauraron umarnin Mai Girma Gwamna. Allah ya taya shi riƙo, ya ba Jihar Jigawa damina mai albarka, ya kare manomanta daga ruwa mai ɓarna.